Zanen Ƙafa a Kan Kwali

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam da yara, da Gajeruwata. Ya ciwon gwiwar? Kina shafa man da likita ya rubuta, ko kin sake mayar da shi ado a kan taga? Ni dai alhamdu lillahi, sai ɗan tarin da siminti ke sa mu, shi ma ya yi sauƙi.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran, domin na san faɗa za ki yi. Hutun ƙarshen shekarar nan ma ba zan samu zuwa ba. Dole mu gama haɗa ƙarafan ƙasan gadar kafin kogi ya kawo ruwa, mu kuwa masu waldar da ke iya aiki a rataye ba mu da yawa. Na je wa shugaban aikinmu da maganar, ko ɗago kai bai yi ba.

Kin san halin waya a nan, sai mutum ya hau tudun bayan masaukinmu ya yi ta ɗaga hannu sama kafin ta shiga. Ranar da na samu na kira ki, na jiyo muryar Gajeruwata tana ƙyalƙyala dariya a tsakar gida. Da kika ce mata "ga Babanki", sai dariyar ta ɗauke, na ji an ja ƙofa. Tun bara da na ce zan zo ban zo ba, ko "ina kwana" ban sake ji daga bakinta ba. Abin yana cina, Yaya. Uwarta ta rasu ta bar mini ita kaɗai, ba na so a ce ina raye ita ma ta kuɓuce mini.

Tunda ba zan zo ba, ina so kyautar bana ta yi magana a madadina. Ranar da muka shiga gari na ga wata 'yar tsana a babban kanti, in an kwantar da ita sai ta rufe ido, da wata jakar makaranta mai kunnuwan zomo. Wacce kike ganin za ta fi faranta mata? Ki ba direban motar kayan abincinmu amsa, ya ce zai riƙa biyowa ta gidanku.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Direbanku ya kawo takardar har ƙofar gida, ya sha ruwa ya wuce. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, man kuwa ina shafawa duk ranar da na tuna. Malam yana gaishe ka, yana can ya nutse cikin takardun jarrabawar ɗalibansa.

Ban yi faɗa ba. Na gaji da yi maka faɗa a takarda, tawadata kawai nake ƙararwa. Amma da na kai kan jaka mai kunnuwan zomo sai da na ajiye takardar na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta wuce, hawayen suka ƙi tsayawa. Haba Auta, 'yar tsana? Yarinyar da kake kira Gajeruwa ita ke ɗauko mini kaya a saman kabad ba tare da ta taka kujera ba. Ta shiga shekara ta goma sha huɗu. Takalmin da ka aiko bara ko dunduniyarta bai shiga ba, 'yar maƙwabta ke yawo da shi yanzu. Ranar ta gwada, ta mayar cikin kwali, ta ce, "Gwaggo, a ba wani." Kai har yanzu yarinyar da ka bari a tasha kake yi wa sayayya, ita kuwa wannan yarinyar ta daɗe da girma.

Shawarata, ka ƙyale babban kantin nan naku. Mai kantin bai taɓa ganin 'yarka ba, kai ma rabonka da ita an kwana biyu, to makafi biyu ne za su zaɓa mata. A nan layinmu kuwa kowa ya san ta, kullum ta gabansu take wucewa.

Jiya na ja ƙafata na bi layin tun daga famfo har bakin titi, shago shago, kamar ma'aikaciyar haraji. Mai sabulu ta faɗaɗa wurinta. A bayan shagon take dafawa, ta zuba a akwatin katako, in ya daskare ta yanka da siririyar waya. Akwai mai ƙamshin lemun tsami, akwai na na'a-na'a, kowane a naɗe cikin takarda an ɗaure da zare. Gajeruwa na son na lemun, ta ma kan tsaya ta taya ta naɗi in an tashi daga makaranta. Mai zuma yana nan, har yanzu daga ƙauyukan bayan duwatsu yake ɗaukowa, kuma har yanzu sai ya ɗanɗana maka a tsinke ya tsare ka da ido sai ka yaba. Shagon littattafai 'yar tsohon ce ke riƙe da shi, tun da idonsa ya yi rauni. Tana ɗinka littafin rubutu da hannunta, ta yi masa bango da ƙyallen atamfa, 'yan mata sai rububi suke yi.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin kafinta, wanda ya yi maka gadon aurenka. Ya tambaye ka, ya ce ko ka zama kifi ne da ba ka rabuwa da kogi. Yanzu yana yin ƙananan teburan karatu masu aljihu ɗaya. Abin da ya sa na tsaya, 'yarka a kan faranti take rubutu, ta ɗora shi a cinya, domin teburin gidan guda ɗaya ne kuma Malam ya mamaye shi da takardunsa, ko kofi ba ka isa ka ajiye ba.

Ban yanke maka hukunci ba, kai ne uba. Ka zaɓa ka gaya mini.

Yayarka

*

Yayata,

Ina gaishe ku da kyau, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Ni lafiya ƙalau.

Kin wanke ni tas, kuma ban da bakin musu. Sai da na tashi na tsaya a jikin ƙofar ɗakina ina gwada inda kanta zai kai, na kasa. A idona har yanzu iya ɗamarata take.

Teburin ya kwanta mini a rai. Ki ce wa kafinta kifi yana gaishe shi, ya zaɓo katako mai kyau, kada ya yi mini irin aikin gadon nan da ya yi ta kuka shekara guda. Ki haɗa da littafi mai bangon atamfa da sabulun lemu a saka cikin aljihun. Amma kafin a sa hannu, don Allah ki ɗan bugi cikinta. Ki ce Babanta ne ke tambaya, me take so? Ko kalma ɗaya ta faɗa ki rubuto mini ita yadda ta faɗe ta, kada ki gyara, kada ki sa mata zuma.

Naki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, direbanku na tsaye a waje yana danna mini oda. Kowa lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke.

Ka ce kada in gyara, to ga shi. Na same ta tana wanke kwanuka na ce, "Babanki ya ce me kike so na hutu?" Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. Can ta ce, "Gwaggo, ki ce masa kada ya saya mini komai." Na ce dalili? Ta ce, "Ba komai." Ka san ta, in ta rufe baki ko da cokali ba ka buɗe shi.

Ga wani labari kuma da zai ba ka dariya. Mai sabulu ta tsegunta mini cewa ɗan abin da take ba ta na naɗi ba ta taɓa shi, tarawa take. Kwana biyun nan kuma a shagon mai takalmi na kan kwana take tsayawa, ba na mata take kallo ba, na maza. Har ta tambaye shi wace fata ce ba ta gajiyar da mutumin da ke wuni a tsaye. To wa muke da shi mai wuni a tsaye in ba Malam ba, da ke shan tsayuwa gaban allo? Ga takalminsa duk ya buɗe baki. Na faɗa masa a asirce, tun ranar bakinsa ya ƙi rufuwa, sai wani taku yake yi a tsakar gida. Yarinyar nan akwai hankali.

Maganar tebur, in ce wa kafinta ya fara ko in dakata? Sai na ji daga gare ka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni ma da sauƙi.

Na san direba ya zo ya koma ya sake zuwa hannu rabbana, ya ce har kin tare shi da faɗa. Ba laifinsa ba ne, ni ne ban rubuta ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Na karanta takardarki, kuma na gane. Ba ta son komai daga hannuna, amma tana wahalar da yatsunta don ta saya wa Malam takalmi. Ban ga laifinta ba. Shi ke duba mata aikin makaranta, shi ya kai ta asibiti da ta yi zazzaɓi, shi take gani da safe. Ni kuwa murya ce a waya da kwalin da ba ya yi mata daidai. Allah ya saka wa Malam da alheri, da zuciya ɗaya na faɗa. Sai dai kin ce labarin zai ba ni dariya, bai ba ni ba. Ranar ina rataye a ƙarƙashin gada na ɓata ɗinkin walda har sau biyu, abin da ban taɓa yi ba, sai da aka ce in sauko in huta.

Ki bar kafinta ya yi teburin, yarinya ba za ta ci gaba da rubutu a faranti ba. Amma kada a ce daga gare ni ne, kada ta ƙi shi. Ki ce Malam ne ya saya. Ni kuma zan daina kiran waya ina takura mata. In ta ga dama wata rana, ta san inda nake.

Auta

*

Auta, ɗan rigimar gidanmu,

Lafiyarmu ƙalau, kuma ba don gwiwar nan ba da tuni na hau motar kayan abincinku na zo na ja maka kunne a gaban abokan aikinka. Tun kana ɗan mitsitsi haka kake, in aka raba abu kana bayan gida, sai ka shige ƙarƙashin gado ka ce kai ba ɗan gidan ba ne. Gemu ya fito, hali yana nan.

Amma rabin laifin nawa ne, ni na yi saurin baki. Saurara ka ji abin da ya faru.

Shi mai takalmin nan ba ruwansa da lambar ƙafa. In kana son takalmi, sai ka je da ƙafarka ka taka kwali, ya bi gefenta da fensir, a kan zanen zai yanka fata. To Malam ya ga hutu na ta matsowa ba a ce masa komai ba, sai ya ce bari ya sauƙaƙa wa yarinya, kada kunya ta hana ta. Ranar Asabar ya yi wanka, ya yanke farce, har da shafa wa ƙafa mai, ya kama hanya. Ni ma na bi shi don in sha kallo. Muka tarar da ita a shagon, tana shafa wata fata mai kauri. Malam ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kwali yana murmushi, ya ce, "To 'yata, ga ƙafar na kawo, a zana."

Auta, ka ga fuskar yarinyar nan? Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba naka ba ne." Sai kuka. Ta ce, "Na Babana ne. Gwaggo ta ce a kan ƙarfe yake wuni a tsaye. Ni ban san girman ƙafarsa ba, kuma ba zan tambaye shi ba."

Malam na tsaye da ƙafa ɗaya a kwali tana ta ƙyalli. Wallahi mutumin nan ya burge ni, domin cewa ya yi, "Ai na sani, gwada miki kwalin nake in ga ko yana da ƙwari." Ya mayar da takalminsa mai buɗaɗɗen baki muka dawo. Har yau dai in na ce "kwali" sai ya harare ni. Na riga na sa an auna shi a ɓoye da tsohon silifas ɗinsa don a yi masa sabon takalmi, mai takalmi yana ta gunaguni wai ba haka ake yi ba.

Da dare ya yi na tambaye ta, to me ya sa kika ce kada ya saya miki komai? Ta ce duk abin da ka aiko, in ta buɗe sai ta ga ba ka san ta ba, gara kada ka aiko. Fushi take da kai, wannan gaskiya ne, ba zan rufe ka ba. Amma wanda aka fitar daga rai ba a wuni ana zaɓar masa fata.

Saboda haka ka bar zancen daina kira. Ka nemi kwali mai tsabta ka zano ƙafafunka biyu ka ba direba. Ita ba ta ce in tambaye ka ba, ba ta kuma ce kada in tambaya ba. Tebur kuwa an gama, kuma ban yi maka ƙaryar da ka sa ni ba. Na ce mata daga Babanta ne, kafinta ya auna tsayinta kafin ya yanke ƙafafun. Wannan karon dai ba ta ce a ba wani ba.

Yayarka, wadda ta goya ka

*

Yayata ta kaina,

Allah ya bar mana ke, ya ba gwiwa lafiya. Ki ba Malam haƙuri, ki ce masa na ji labarin man ƙafa, kuma bakina alaikum, ba mai ji daga gare ni.

Ban san sau nawa na karanta takardarki ba. A wurin cin abinci na fara buɗe ta, na kai tsakiya na tashi na bar kwanon, domin kada ƙarti su ga mai walda yana share ido. Ashe ta san a tsaye nake wuni. Ni da nake zaton ko sunan aikina ba ta son ji.

Ga kwalin nan, daga jikin kwalin sandunan walda na yanko, na goge shi sosai. Kada ki yi dariyar zanen. Abokan ɗakina an mayar da su wani aikin tun watannin baya, ni kaɗai nake kwana nake tashi. Sauran kuwa sababbi ne, iyakarmu gaisuwa, ban ga wanda zan ce wa ya zo ya durƙusa gaban fasona ba. Sai na rufe ƙofa na zauna a bakin gado na yi abina. Ƙafar dama ta zo da sauƙi, ta hagu kuwa sai da bayana ya amsa kafin na zagayo dunduniya. Ban taɓa sanin ƙafata ta yi muni haka ba sai da na gan ta a kwance.

Ki ba ta, kada ki ce na ce komai. In takalmin ya matse ni ma haka zan sa shi.

Ƙaninki,
Auta

*

Baba,

Ina wuni. Ina fata kana lafiya. Mu ma muna lafiya. An ba mu sakamako, na ci, lissafi ne kawai ya ɗan ba ni wuya. A kan teburin nake rubuta wannan. Ya yi mini daidai. Na gode.

Ba Gwaggo ce ta sa ni ba, ni na ce ta ba ni takarda.

Na kai wa mai takalmi kwalin. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce ba zai yanka fata a kansa ba. Ya ce a zaune ka zana, shi ya sa ƙafar ta fito siririya, wai ƙafa sai an tsaya a kanta take buɗewa. Ya nuna mini wajen dunduniya inda layin ya karkace ya katse, ya ce haka yake fitowa in mutum ya zana wa kansa. Ya ce ka miƙe tsaye sosai, wani ya durƙusa ya zana maka.

Na ce masa to. Da na fito na tsaya a bakin shagon ina ta kallon wurin da layin ya katse. Na zo gida na tambayi Gwaggo ko babu mai zana maka ne, sai ta miƙo mini takardarka ta ce in karanta da kaina.

Baba, duk mutanen da ke wurin aikinku babu ko ɗaya? Ni na ɗauka kana can cikin jama'a kana ta hira, shi ya sa ba ka damu da zuwa ba. Ban san kai kaɗai ne a ɗaki ba. Har yanzu ina jin haushin bara, ba zan ce ya wuce ba. Amma na yi kuka da na karanta.

Kada ka roƙi kowa, kuma kada ka sake aiko wani kwalin. Na ce wa mai takalmi ya ajiye mini fatar, ya ce ba abin da zai same ta. Duk ranar da kuka gama gadar ka taho gida. Kai ka tsaya, ni zan durƙusa in zana maka.

'Yarka